Magaryar Saman Kwari

A lungunan Utaibiyya da ke bayan kasuwa a Makka, an yi shekaru idan mace ta rasu a gidan Hausawa ƙofar Asiya ake fara bugawa. Ita ce mai wankan gawa. Takan zura abayarta ta ɗauki jakarta, a ciki akwai kafur da auduga da tawul, da wata kwalba mai faɗin baki cike da garin ganyen magarya. Garin nan kore ne shar, ba irin na shagunan kayan ƙamshi ba mai launin ƙasa. In ta kaɗa shi a ruwa sai ya yi kumfa kamar sabulu, ƙamshin ɗanyen ganye ya cika ɗakin. Matan unguwa duk sun san kwalbar. Kaɗan ne suka san mai cika ta.

Mijinta ne, Mukhtaru, wanda Larabawan unguwa ke kira Abu Bandar. Dogo ne siriri, ba mai yawan magana ba. Kakansa da ƙafa ya taso daga ƙasar Kano, ya yi shekaru yana noman auduga a Sudan kafin ya tsallake teku. Mahaifinsa a Makka aka haife shi, ya rayu yana ɗaukar ruwa da garwa biyu a kafaɗa yana kai wa gidaje. Shi kuwa Mukhtaru da ya tasa sai ya zama direban tankar ruwa, motar da mutanen Makka ke kira wayit. Bai taɓa ganin Kano ba, amma Hausar Kano ce a bakinsa, duk da rabinta Larabci ya shige ta.

Aikin tankar ne ya kai shi rijiyoyin Wadi Nu'uman, gabas da Arfa, a gindin duwatsun da ke hawa zuwa Ɗa'ifa. A can ne wani makiyayi ya nuna masa bakin wani kwazazzabo da ke tsakanin duwatsu biyu, ya ce in mutum ya bi rafin cikinsa har ƙarshe zai tarar da ruwan da ba ya ƙafewa, da bishiyoyin magarya kewaye da shi. Wurin yana da suna a bakin mutanensa, amma a gidan Mukhtaru sunansa Kwari kawai. Sau ɗaya tak ya je da Asiya, suna sabon aure. Ta tsoma ƙafa a ruwan, ta ci 'ya'yan magarya har haƙoranta suka mutu, kuma a hanyar dawowa rafi ya tafi da takalminta ɗaya, ta ƙarasa da nasa shi kuma yana taka tsakuwa.

'Yarsu ta fari, Nuf, ba ta kai ga tafiya ba zazzaɓi ya ɗauke ta. Tsohuwar da ta zo wanka ta zo da garin magaryar kasuwa wanda ya daɗe a ajiye, yana warin ƙura da rumbu. Bayan wata biyu Asiya ta je gidan tsohuwar ta ce a koya mata aikin, ta dawo ta ce wa mijinta: “Malam, wanka nawa ne, ganye naka.” Tun daga nan, duk shekara in ruwan farkon sanyi ya sauka, Mukhtaru yakan ɗauki buhu da sanda mai ƙugiya ya tafi Kwari.

Yana da tsarinsa. Ba ya ɗiban ganyen magaryar bakin titi, ya ce hayaƙin mota ya shige shi. Ba ya ɗiban na bakin Kwari, awaki sun gama da shi. Na can sama yake so, inda saiwa ke shan ruwa duk shekara. Ba ya sare reshe, da ƙugiya yake janyowa ya zage ganyen da hannu, shi ya sa bayan hannunsa duk zanen ƙaya ne. In ya kawo gida a inuwa ake shanyawa, don rana tana kashe koren. Asiya ta daka a turmin da ta gada wajen uwarta, ta tankaɗe, ta cika kwalba, sauran ta rarraba wa wasu masu wanka.

Allah ya ba su wasu 'ya'ya biyu, Bandar da Tahani. Bandar ma'aikacin ofis ne, Larabci ya fi masa sauƙi, Hausa sai in zai yi wa iyayensa magana. Tahani tana koyarwa a makarantar 'yan mata. Tun tana ƙarama 'yan ajinsu suka yi mata laƙabi da 'yar mai wankan matattu, ta yi shekara ba ta cin abinci in uwar ce ta zuba da hannu. Ta girma ta ji kunyar abin, amma jakar nan ba ta taɓa ɗauka ba.

Akwai magana ɗaya da duk wanda ya san Asiya ya santa da ita. Ba ta yarda a ajiye gawa. In dangi suka ce a jira wane yana hanya daga Jidda ko Riyad, takan ce: “Mai hanya ya yi mata addu'a a hanya. Ita ba jira take yi ba, ku ne kuke jira.” A Makka kuwa haka abin yake, in an gama takardu aka yi wanka sai Harami, a yi salla bayan farillar da ta fi kusa, a wuce maƙabarta.

Shekaru biyu a jere Mukhtaru bai je Kwari ba. Shekarar farko ba a yi ruwan kirki ba, ta biyu aka yi masa aiki a gwiwa. A shekara ta uku ciwon hanta ya kwantar da Asiya. Aka yi ta kai ta asibiti ana dawowa, har likita ya ja Bandar gefe ya ce a kai ta gida, a ba ta abin da take so. A lokacin Mukhtaru ya haura saba'in.

Wata ranar Litinin da yamma, an yi ruwa a makon, yana zaune bakin gadonta yana ɓare mata lemo wanda ba za ta sha ba, sai ta ce:

“Malam, miƙo min kwalbar nan.”

Ya miƙa mata. Ta buɗe ta kife a tafin hannu. Ɗan gari ya zubo wanda bai cika cokali ba.

“Na ƙarshen na kai wa makwabciyarmu bara. Ka ga dai.”

“Na gani.”

“Mata nawa na wanke da koren ganye, ni kuma a zo a wanke ni da ƙurar shago?”

“Ke dai ki sha lemon nan. Wa ya ce miki yanzu ne?”

“Ni za ka gaya wa? Aikina ne fa.” Ta dube shi daga sama har ƙasa. “Ko da yake, ina kai ina Kwari, gwiwa na ƙara kamar ƙofar banɗaki.”

“Gwiwar nan ita ta dawo da ke gida ran da kika ba birai takalminki.”

“Rafi ne ya ɗauka.”

“Birai ne. Na ga wata gyatumarsu da shi shekarun baya, ta fi ki iya tafiya a ciki.”

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta ce a hankali: “Na can sama nake so, wajen ruwan. Irin wanda ba mu samu mun yi wa yarinyar nan ta fari ba.”

A nan ne Mukhtaru ya yi abin da har yau ake magana a kai a gidan. Bai gaya wa 'ya'yansa ba. Ta yaya mutum zai dubi ɗansa ya ce zan je ɗebo ganyen wankan uwarka, alhali ga ta a ɗaki tana numfashi? Bakinsa ba zai iya ba. Kuma ya san in ya faɗa Bandar zai ce wallahi ba inda za shi, ya je shago ya sayo leda uku. Washegari bayan sallar asuba ya leƙa ɗakin, Asiya tana barci, Tahani ta kwana a kujera. Ya ce wa Tahani: “Zan je in dawo kafin magariba.” Ta ce, “Tayyib, Abuya,” idonta a rufe. Ya ɗauki buhu da sanda a bayan ƙofa, da gorar ruwa da ɗan dabino a aljihu.

Wani direban tanka, ɗan tsohon abokin aikinsa, shi ya rage masa hanya. Suka wuce Arfa, filin ba kowa sai bishiyoyin dalbejiya da masu shara jefi-jefi. Direban ya sauke shi inda kwalta ta ƙare, ya ce zai biyo da la'asar sakaliya in ya yi lodin ƙarshe.

Bakin Kwari faɗi gare shi, rairayi ne da tumfafiya da kashin awaki, ba alamar ruwa. Sai mutum ya yi tafiya mai ɗan nisa sannan rairayin ya fara yin duhu, sannan ya ji laima a ƙarƙashin takalmi, sannan ya ga ruwan, siriri kamar igiya, yana ɓuya ƙarƙashin tsakuwa yana sake fitowa. Daga nan duwatsun suke fara matsowa. Mukhtaru ya duba wayarsa, ya ga sandunan sadarwa sun ɗauke, kamar yadda suka saba a daidai wurin. Ya mayar da ita aljihu.

Babu hanya a Kwari, rafin ne hanya. Inda ya jingina da dutsen dama sai ka tsallaka hagu, inda ya koma hagu ka dawo dama. Da ƙuruciya tsalle Mukhtaru yake yi daga dutse zuwa dutse. A ranar nan sai ya tuɓe takalmi ya rataya a wuya, ya naɗe riga, ya shiga ruwan yana dogara sanda. Sanyin ruwan ya yi wa gwiwar daɗi da farko, daga baya ya zama kamar ana soka masa allura. Ya lura rafin ya fi yadda ya san shi ƙarfi, kuma akwai ciyayi da karmami maƙale a jikin ƙayoyi sama da kansa, alamar inda ruwa ya kai a makon da ya wuce. Ya gani, ya kuma san ma'anarsa. Ya ɗaga kai, sama garau take a ɗan tsagin da ake gani tsakanin duwatsu. Ya ci gaba.

Akwai wuri mai matsi inda bangon dutse biyu suke kusan haɗuwa, in ka miƙa hannu biyu sai ka taɓa kowanne. Rana ba ta shiga, dutsen santsi ne, muryar ruwa ta cika kunne. A nan ne takalmin Asiya ya tafi. Ya bi ta ciki ruwa na kai masa cinya, kafaɗarsa na gogar bango. Da ya fita ya zauna kan wani falalen dutse ya ci dabino uku. Birai suka jeru a saman tsauni suna kallonsa, wani babba mai furfura a kafaɗa yana yi masa haushi. Mukhtaru ya ce masa: “Ka gaida mai takalmi.”

Bayan matsin, kwarin ya sake buɗewa. A gefen hagu, can sama kan wani tudu, ya hango akwatunan zuma a jere da rumfar buhu. Wani dattijo ya miƙe yana kare ido da hannu. Abu Rim ne, mai kiwon zuma, ɗan ƙabilar da ke zaune a duwatsun nan. Duk shekara yakan kawo akwatunansa lokacin furen magarya, sun san juna tun gemunsu na baƙi.

“Abu Bandar!” ya ƙwala da Larabcinsu na tsauni. “Ashe kana raye? Na ce ko matarka ta gaji ta wanke ka.”

“Maza ba sa cikin aikinta.”

“Hawo ka sha gahawa.”

“In na sauko.”

“To ka yi sauri. Tun safe ƙudan nan ba sa nisa da gida, ba na son haka.”

Sauran tafiyar hawa ce. Manyan duwatsu sun tare rafin, ruwan yana zubowa ta tsakaninsu. Wasu ya zagaye su, wasu ya hau da rarrafe, yana jefa sanda da buhu gaba sannan ya ja jikinsa. Inda da yake isa da hantsi, sai da rana ta karkata ya isa.

Wurin yana nan yadda ya bar shi. Tafki ne ɗan madaidaici a gindin wani bangon dutse baƙi, ruwan na tsattsafowa daga tsagar bangon, ƙananan kifaye na yawo a ciki. Bishiyoyin magarya biyar ko shida sun kewaye shi, furensu ya fara zuba, ƙudan zuma na ta kuka a kai. Ya yi alwala ya yi azahar a kan dutsen da Asiya ta zauna ta tsoma ƙafa. Sannan ya fara aiki. Ya janyo reshe da ƙugiya, ya riƙe bakinsa da hagu, ya zage da dama daga sama zuwa ƙasa yadda ƙaya ba za ta kama sosai ba. Yana zagewa yana tsince busasshe da wanda tsutsa ta ci. Bai taɓa tsincewa da kyau irin na ranar ba. Ya so ya samo mata 'ya'yan magarya ko guda biyar, amma ba lokacinsu ba ne, sai 'yan ƙanana kore masu ɗaci.

Buhun ya kusa cika ya ji iska ta sauya, ta zo da sanyi daga sama. Ya ɗaga kai. Kan duwatsun Ɗa'ifa ya yi baƙi ƙirin, ana walƙiya a ciki ba a jin tsawa. A inda yake ko ɗigo bai sauka ba. Amma wanda ya yi shekara talatin yana ɗiban ruwa a Wadi Nu'uman ya san ba ruwan da ke kanka ke kashe ka ba, wanda ya sauka a can sama ne. Ya ɗaure bakin buhu ya saɓa, ya fara gangarowa da iya saurin da gwiwa ta yarda.

Ya iso daidai tudun Abu Rim ruwan rafin ya riga ya sauya launi, ya zama ja, yana ɗauke da ƙiraruwa. Matsin yana gabansa kaɗan. In ya wuce shi, sauran hanya mai sauƙi ce, zai riski direban, ya yi magariba a gida. Ya tsaya a bakin ruwan yana auna shi da ido.

“Ya shaiba, kai dattijo, hawo!” Abu Rim yana gangarowa yana ihu. “Hawo, ka haukace ne?”

“Matata ba lafiya. Na ce kafin magariba.”

“In ka shiga can, gobe a Arfa za a tsince ka. Ba ni buhun.”

Bai ba shi buhun ba, hannu ya ba shi. Suna tsakiyar hawa suka ji ƙarar, kamar manyan motoci sun jero a cikin dutse. Suka juya. Ambaliyar ta fito daga kwanar sama, gabanta itatuwa ne da duwatsu suna birgima, ta cika kwarin daga bango zuwa bango. Inda ya tsaya yana auna ruwa ya ɓace. A bakin matsin ruwan ya taru yana tafasa yana hawa.

A tudun ya kwana, ƙarƙashin rumfar Abu Rim, ba sadarwa, motar Abu Rim kuma tana can ƙasa bayan matsin. Ya buɗe bakin buhun ya baza ganyen a kan bargo don kada ya yi zafi ya baƙanta. Da Abu Rim ya ji don wa aka ɗebo, bai sake yin wasa ba. Da safe ya yanko saƙar zuma ya sa masa a gwangwani, ya ce a lasa mata.

Sai da hantsi ya yi ruwan ya janye yadda za a iya bi. Kwarin ya sauya kama, laka ta rufe duwatsun da ya sani, wata bishiya ta gitta a cikin matsin sai da suka bi ta ƙarƙashinta. Abu Rim ya ɗauki buhun, shi ya riƙe sanda da gwangwani. Suna fitowa rairayin bakin Kwari wayar ta fara kuka a aljihunsa, saƙo kan saƙo. Bai zo da tabarau ba, bai iya karantawa ba. Yana riƙe da ita ta yi ƙara, Bandar ne.

“Abuya! Abuya, fenak? Ina kake? Mun duba asibitoci, mun je wajen 'yan sanda.”

“Ina Kwari. Sail ne, ambaliya, ya tare ni. Ga ni nan tafe. Yaya jikin nata?”

Bandar ya sauke murya.

“Ummi ta rasu, Abuya. Jiya kafin azahar. Mun jira la'asar, mun jira magariba, mun jira isha. An yi mata salla a Harami da asuba.”

Mukhtaru ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya sake faɗa. Sannan ya tambayi abin da Bandar ya ce har ya mutu ba zai manta ba: “Da me aka wanke ta?”

“Da sidir, Abuya, garin magarya. Na sayo a shago.”

Abu Rim ne ya kai shi har ƙofar gida a motarsa ta ɗaukar kaya. An riga an jera kujerun zaman makoki a lungu. Maza suka miƙe da suka ga dattijo ya sauko, laka har gwiwa, bayan hannu duk jini ya bushe, da buhu a kafaɗa da gwangwanin zuma. Ya ratsa su ya shiga ciki, ya wuce ɗakinta. An ɗauke zanin gado, an naɗe katifa. Ya shimfiɗa tabarma a ƙasa, ya zazzage ganyen ya baza shi da tafin hannu, ya ja labule don kada rana ta taɓa. Sannan ya fito ya zauna karɓar gaisuwa. Kwana ukun makokin duka, duk wanda ya shiga gidan ƙamshin ɗanyen ganye yake fara ji.

Da yamma Bandar ya kai shi maƙabartar Shara'i. Kaburburan can ba suna, duwatsu ne ƙanana a jere cikin fili. Bandar ya ƙirga layi ya nuna masa. Mukhtaru ya tsaya ya yi addu'a. A mota Bandar ya ce, idonsa na kan titi:

“Da ka gaya min, da ni na kai ka. Ko in hana ka.”

“Shi ya sa.”

“Ni na ce a yi da asuba. In laifi ne nawa ne.”

“Ba laifi. Da ita ce a tsaye, la'asar ma ba za ta bari ta wuce ba.”

Tahani ce ta ba shi sauran labarin. Ta ce da hantsi uwar ta farka ta tambayi ina Malam, ta ce mata ya fita zai dawo kafin magariba. Uwar ta ce ta duba bayan ƙofa. Ta duba ta ce ba komai a wurin. Sai uwar ta yi murmushi ta ce, “To ya tafi ke nan.” Ba ta faɗi ina ba, Tahani kuma ba ta gane ba sai da dare ya yi, lokacin da ganewa ba ta da amfani. Bayan ɗan lokaci uwar ta ce: “In bai dawo ba kada ku ajiye ni. Shi ma ya sani.” Wadda ta wanke ta kuwa Jawahir ce, abokiyar aikinta daga unguwar Ka'akiyya, wadda iyayenta suka zo ta Chadi. Jawahir ta ce ba za ta iya ita kaɗai ba. Tahani ce ta riƙe buta, sannan ta kaɗa kumfar, sannan ta wanke kan uwarta da hannunta.

A rana ta uku Jawahir ta nemi a kira mata shi bakin labule. Tsohuwa ce mai faɗar abin da ke ranta.

“Malam Mukhtaru, ka daina cin kanka. Matar nan ta ga mutuwa ta fi ɗari. Ta san saura nawa. Aiken ka ta yi don kada ka gani.”

“A'a. Ganye take so.”

“Ganye! Ta san ganye sai ya bushe an daka. Kwana nawa ke nan?”

“Ana dakawa ɗanye in an matsu.”

“To ka ji. Ni dai na gaya maka abin da na sani game da ƙawata.”

Har yau ba su daidaita ba. Jawahir tana kan bakanta, Tahani ta fi karkata gare ta, Bandar ba ya shiga maganar. Mukhtaru kuwa ya ce shekara arba'in da wani abu Asiya ba ta taɓa aikensa aiken ƙarya ba, ba za ta fara a ranar ƙarshe ba. Ta ce na can sama take so, ya je ya ɗebo, bai kawo a kan lokaci ba. Haka yake ba da labarin, ba ya ƙarawa ba ya ragewa.

Da ganyen ya bushe Tahani ce ta janyo turmin. Ba ta iya riƙon taɓarya ba, hannunta ya yi kanta, amma ta daka ta tankaɗe, garin ya fito kore shar. Ta cika kwalbar. Ba a yi mako ba Jawahir ta kira, wata tsohuwa ta rasu a Ka'akiyya ba ta da kowa sai makwabta. Tahani ta tsaya tana kallon jakar da ke rataye, sannan ta zura abaya ta ɗauka.

Kafin ta fita Mukhtaru ya ce ta tsaya. Ya kawo wani farin ƙyalle, ya sa ta zuba masa cikin tafi biyu na garin, ya ƙulle da kansa. Ya buga ƙusa a bayan ƙofa, kusa da inda sanda mai ƙugiya take jingine, ya rataye ƙullin.

“Na mene ne wannan, Abuya?”

“Nawa ne. Ki gaya wa ɗan'uwanki inda yake. In lokacin ya zo, ba wanda zai tashi daga gefena ya tafi neman komai.”

Ƙullin yana nan a ƙusar. Gwangwanin zuman ma yana kan kanta a ɗakin Asiya, ba a buɗe ba.